Tarwada ba ta cin alƙawari: ina tallafin masu kiwon kifi yake tsayawa?

Duk wanda ya taɓa zuba tarwada a tankin siminti ko na tamfol a bayan gidansa ya san cewa sayen 'ya'yan kifi shi ne abu mafi sauƙi a sana'ar. Wahalar tana farawa ne daga wata na uku, lokacin da kifin ya buɗe baki. Abinci kaɗai yakan lashe kashi 60 zuwa 70 cikin ɗari na kuɗin da mai kiwo zai kashe.

A nan ne yawancin tallafin gwamnati yake yin tuntuɓe. A zamanin da Akinwumi Adesina yake ministan noma, an shigar da masu kiwon kifi cikin shirin rangwamen kayan noma: a ba mutum 'ya'yan kifi kyauta, a haɗa masa da 'yan buhunan abinci a rabin farashi. Ranar rabo an yi murna, an ɗauki hoto. Amma lissafin bai fita ba. Tarwada 500, idan ana so kowace ta kai kilo ɗaya, za su ci abincin da ya haura buhu 30 mai kilo 15. Wanda ba shi da jarin cikowa sai ya koma ba su dusa da hanjin kaji, kifin ya tsumbure, manya su riƙa haɗiye ƙanana, a ƙarshe dillali ya zo ya saya yadda ya ga dama. Kifi da rai ba hatsi ba ne, ba a zuba shi rumbu a jira kasuwa ta tashi.

Sai kuma bashi. Shirin lamunin manoma na Babban Bankin Najeriya, wanda aka ƙaddamar a Kebbi a 2015, ya haɗa da masu kifi, ko da yake shinkafa ce ta kwashi kaso mafi tsoka. An fitar da sama da naira tiriliyan ɗaya, kuma karɓo kuɗin ya zama aiki, don mutane da yawa sun ɗauke shi rabonsu ne na arzikin ƙasa.

Gonar kifi ta Panyam a jihar Filato, wadda aka kafa tun 1951, ta nuna abin da ke faruwa idan gwamnati ta ce da kanta za ta yi kiwon: ta yi shekaru da dama a kwance. A Eriwe kuwa, kusa da Ijebu-Ode a jihar Ogun, masu kiwo ne suka haɗu cikin ƙungiyoyin gama kai a fili guda mai ruwa, suna samun bashi ta hannun ƙungiya, kowa na sa ido kan ɗan uwansa. Wurin ya zama ɗaya daga cikin manyan matattarar tarwada a ƙasar.

Abin mamaki, tallafin da ya fi taɓa masu kifi ba da sunansu aka yi shi ba. Da aka janye tallafin man fetur a watan Mayun 2023, naira kuma ta faɗi, kuɗin tayar da janareta don canja ruwa ya ninka, masara da waken suya suka yi tashin gwauron zabi, abincin da ake shigowa da shi daga waje ya fi ƙarfin ƙaramin mai kiwo. Wasu sun rage yawan kifin da suke zubawa, wasu sun koma yin banda don ya ajiyu, wasu kuma tankunansu sun bushe.