Kafin mai janwe ya ɗaura sarƙa: gargaɗi ga masu manyan motoci a hanyar Illo

Alhazai masu manyan motoci da direbobin da ke bin hanyar Bagudo zuwa Ka'oje, Tsamiya, Illo da Lolo, don Allah ku ciro takardar inshorar da ke cikin mota ku duba ta yau, tun kaya ba su hau ba. Takardun bogi sun yi yawa a hannun mutane, kuma mai su ba ya ganewa sai ranar da tirela ta kwanta a gefen titi.

Tun 1 ga Janairun 2023 hukumar NAICOM mai kula da harkar inshora ta ƙayyade cewa babbar motar da ke ɗaukar kayan haya za ta biya naira 100,000 a shekara na inshorar dole, wadda ke biyan diyyar dukiyar wani har naira miliyan 5. To wanda ya miƙa wa ɗan kamasho dubu goma ko ashirin a bakin ofishin lasin aka kawo masa takarda mai hatimi, me yake jin ya saya? Da 'yan sanda suka fara tsananta bincike daga 1 ga Fabrairun 2025, sai hankalin mutane ya koma kan abin da za a nuna a shinge a wuce, aka manta da ranar biya. Tantancewar ba ta da wuya. Ka danna *565*11# a wayarka, ka sa lambar mota. In ba ta fito a rajistar kamfanonin inshora ba, ba ka da komai.

Ko takardar ta gaske ce, ku san iyakarta. Wanda ka buge take biya, da motarsa ko shagonsa ko jinyarsa. Ba ta gyara taka motar, ba ta biyan buhu ɗaya na albasa ko shinkafar da ke bayanka, ba ta san da kuɗin janwe ba. Mai son a gyara masa tasa sai ya yi cikakkiyar inshora, wadda kuɗinta ba ya gaza kashi 5 cikin 100 na darajar motar, kayan da aka ɗauko kuma suna da tasu daban. Wanda zuciyarsa ba ta kwanta da inshorar da aka saba ba saboda addini, akwai kamfanonin takaful masu lasisi a ƙasar nan.

Inda aka fi cin mutane kuwa shi ne wajen janwe. Mota ta faɗi bayan an haye gadar Tuga, kai ya karkace, buhunan albasa sun fashe suna shan rana. Direba ya ruɗe, yaron mota na kore masu tsince, mai kaya na ta bugo waya. Injin da zai iya tayar da tirela mai lodi ba a kusa yake ba, sai an kira shi daga nesa, kuma mai shi ya san ba ka da zaɓi. Ya iso, direba ya ce, "Oga, nawa ne?" Ya ce, "Bari mu tayar da ita tukuna, ba za mu ɓata ba." Wannan maganar ita ce tarkon. Da sarƙa ta hau, lissafi ya koma hannunsa: kuɗin zuwa, kuɗin tayarwa, kuɗin ja, sannan kuɗin ajiya da ke ƙaruwa kowane kwana a garejin da ya kai ta. Motar da ake ci da ita ta zama jingina, mai ita yana sayar da gona don ya fanso ta. Abin yana min ciwo, domin minti goma na magana kafin a fara aiki zai hana duk wannan. A yanke farashi gaba ɗaya, a faɗi inda za a kai motar da kuɗin kwana, a rubuta a gaban wakilin ƙungiyar direbobi, a karɓi rasit. Mai cikakkiyar inshora ya kira kamfaninsa kafin ya kira janwe, don abin da suke mayarwa na ja yana da iyaka a cikin takardar, ba sa kuma biya sai da rasit.

In haɗari ya faru, masu rauni su ne farko, a kai su asibiti, a kira jami'an kiyaye haɗurra a 122. Bayan nan, kafin a taɓa komai, a ɗauki hoton yadda motocin suka tsaya, da lambobinsu, da kayan da suka zube, a samu rahoton 'yan sanda, a sanar da kamfani a ranar.

Sai batun sulhu. Mun saba a zauna gaban manya a ce ƙaddara ce, a yafe ko a yanke abin da za a bayar. Al'ada ce mai kyau, ba na kushe ta. Amma in ka amsa laifi a rubuce ko ka biya diyya ba da sanin kamfanin ba, suna da hujjar ƙin mayar maka da ko sisi. Ku kira su kafin zaman, su san da shi.

Wanda zai tsallaka Jamhuriyar Benin, ta Tsamiya zuwa Segbana ko ta Lolo zuwa Madekali da Malanbil, ya tabbata yana riƙe da katin inshorar ECOWAS da ake kira Brown Card. A Kwatano aka ƙulla yarjejeniyarsa a 1982, kuma yanzu kuɗinsa na cikin na inshorar dole, saboda haka haƙƙinka ne ka nemi kamfaninka ya ba ka. Idan babu shi, mota na iya zama a hannun jandarmomi har sai an biya wanda aka yi wa ɓarna, kuɗin ja da na ajiya kuma da sefa ake ƙirga su. Rahoton haɗari a can da Faransanci ake rubuta shi. Direba kada ya sa hannu ko ya dangwala yatsa a kan takardar da ba a karanta masa ba, ya nemi wanda ya yarda da shi ya fassara masa ita layi-layi, sannan ya ɗauki hotonta ya tura wa maigidansa kafin ya bar ofishin.