Tsaro ya halatta a doki wanda ake zargi?

Yau daga Bagwai na zo muku da irin tambayar da ɗaliban lauya ke nazarta a jami'o'i kamar Bayero. An kama wanda ake zargin infoma ne na 'yan bindiga, shin a doke shi har ya yi magana?

Doka ta ce a'a. Sashe na 34 na kundin tsarin mulkin 1999 ya hana azabtarwa. Dokar hana azabtarwa ta 2017 ta ce ko yaƙi ake, babu uzuri, kuma ɗaurin na iya kaiwa shekara 25.

Ni a ganina hikimar a fili take: wanda ya sha duka zai amsa laifin da bai yi ba, mai laifin kuwa yana nan yana yawo.