Gona Ɗaya, Amfani Biyu

Duk mai noman rani ya san irin ɓarnar da zafin watan Maris da Afrilu ke yi wa tumatir da barkono. Fure ya kaɗe, ƙasa ta bushe, kuɗin man injin ban ruwa kuma ya cinye riba. To, akwai dabarar da za ta rage wannan hasara.

A shekarar 1981 ne waɗansu masana biyu na ƙasar Jamus, Adolf Goetzberger da Armin Zastrow, suka ba da shawarar a riƙa kafa farantan sola a bisa dogayen ƙarafa, a yi shuka a ƙarƙashinsu. Farantan na ba da lantarkin da zai ja ruwa daga rijiya, inuwarsu kuma na kare shuka daga ƙunar rana, ta hana laimar ƙasa saurin gudu. A wani gwaji da aka bayyana sakamakonsa a 2019 a Jihar Arizona ta Amurka, inda ake tsananin zafi, tumatir ɗin da ke ƙarƙashin farantan ya ba da ninki biyu na wanda ke fili.

Amma a lura. Gero da dawa da masara suna son rana sosai, saboda haka kayan lambu dabarar ta fi dacewa da su. A bar tazara tsakanin farantan domin haske ya ratsa, a kuma riƙa goge ƙurar hunturu.

Kayan suna da tsada, amma hannu da yawa maganin ƙazamar miya. Manoma su haɗa kai cikin ƙungiya, su nemi shawarar malamin gona kafin su saya.