Wa Ke Biyan Kuɗin Hoton Kazar da Ke Bangon Mujalla?

Ranar 5 ga Oktoba, 2009, kamfanin Condé Nast da ke birnin New York ya sanar da rufe Gourmet, mujallar abinci da ta fara fitowa tun watan Janairun 1941. Masu karatu ba su guje ta ba, domin a lokacin tana fitar da kwafi kusan miliyan ɗaya kowane wata. Masu talla ne suka janye jiki bayan durƙushewar tattalin arziki ta 2008, ga shi kuma kamfanin yana da wata mujallar girkin, Bon Appétit, wadda ta fi ta yawan masu saye, sai ya ga riƙe biyun asara ce. Mujalla mai mutum miliyan guda a bayanta ta mutu ke nan saboda rashin talla. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa wanda ya ɗauki irin wannan mujalla yana ganin shi ne abokin ciniki, alhali sau da yawa shi ne hajar da aka kasa wa wani. Kuma duk abin da ido ke gani a jikinta, daga hoton bango har kaurin takarda, an auna shi ne da bukatar wanda ke riƙe da bakin aljihunta.

A fara da bangon, tunda labarin zuciya a tambayi fuska. Sunan mujalla kullum yana can sama da manyan harufa, kuma dalilin na kasuwa ne: a kantar mai sayar da jaridu ana jera mujallu ne wata a bayan wata, samansu kaɗai ke leƙowa. Kanun da aka fi ji da su sukan taru a gefen hagu, saboda idan aka jera su gefe da gefe hagun ne ke tsira daga rufewa. A tsakiya kuma abinci ɗaya tak ake sawa, an matso da shi kusa har mutum ya ga maiƙon da ke ƙyalli a fatar kaza, da ɗan romon da ya gangaro gefen faranti, da cokalin da aka ajiye a karkace kamar yanzu wani ya tashi daga cin. Babu ko ɗaya cikin waɗannan da ya faru bisa tsautsayi. Akwai masu sana'ar yi wa abinci kwalliya, da ɗan hantsaki da burushin shafa mai a hannu, suna gyara zaman kowane ganye kafin mai hoto ya danna. A ɓangaren talla har abin ya taɓa wuce gona da iri: a ƙarshen shekarun 1960 hukumar kula da cinikayya ta Amurka ta tuhumi kamfanin Campbell da zuba ƙwallayen gilashi a gindin kwanon miya don kayan lambun su taso sama, miyar ta yi kama da mai kauri. Sai kuma lambobi, irin su girki 50 ko abincin dare cikin minti 30, waɗanda aikinsu alkawari ne ga mai gaggawa. Kalanda ma ita ke juya bangon. A Amurka da wuya fitowar Nuwamba ta rasa gasasshen talo-talo saboda bikin godiya na Thanksgiving, a Birtaniya fitowar Kirsimeti ce uwar ciniki, Janairu kuwa ta masu nadamar cin da suka yi ce, sai ganye da miya mara maiƙo.

To amma bambancin gaske yana fitowa ne idan aka ajiye mujallu biyu kusa da juna aka tambayi wa ke biya. Gourmet ta kira kanta mujallar rayuwa mai daɗi, kuma tsakanin girke-girkenta akwai tallan motocin alfarma da agoguna da otal-otal na Faransa da Italiya. Mai irin wannan talla mai kuɗi yake nema, ko mai son a ɗauke shi mai kuɗi, don haka takardar ta zama mai sheƙi, hotunan suka cika shafi, aka bar fili fari mai yawa wanda shi kansa alamar wadata ce, kamar gidan da ke da tsakar gida mai faɗi. A 1993 Christopher Kimball ya fito da Cook's Illustrated a kan akasin wannan hanya: babu talla ko ɗaya, sau shida take fitowa a shekara, cikinta a lokacin baƙi da fari, zanen hannu ya maye gurbin yawancin hotuna. Kowane girki yana zuwa da dogon bayani na yadda aka gwada shi sau da dama a ɗakin gwajinsu, abin da ya lalace da abin da ya gyara shi. Rashin launin nan ma magana yake yi. Yana gaya wa mai karatu cewa kuɗinka kaɗai ke riƙe da mu, saboda haka idan muka ce wuƙar wane kamfani ba ta da kaifi, babu mai kiran waya ya janye tallansa.

A wannan shekarar ta 1993 dai Roy Reiman ya kafa Taste of Home a garin Greendale na jihar Wisconsin, ita ma ba talla, sai dai ta nufi wasu mutane dabam: matan gida na ƙauyuka da ƙananan garuruwa. Su ke aiko da girke-girken, a buga da sunan kowace da garinta, da kayan haɗin da ake samu a kantin unguwa. Ƙwararrun masu tsara shafi a New York na iya ganin shafukanta sun cika cunkoso, amma ta tara masu saye miliyoyi, ta ninka Gourmet nesa ba kusa ba, har kamfanin Reader's Digest ya sayi kamfanin Reiman a 2002 kan dala miliyan 760. Mujallun manyan kantuna kuwa ba su ma ɓoye komai. Wadda kantin Tesco ke rabawa kyauta a Birtaniya ta kai kwafi kusan miliyan 2 a wasu shekarun, kuma kayan haɗin girkinta yawanci suna nan a kan kantar da ke bayan mai karatu.

Wani zai ce wannan zargi ya yi yawa, ai mutane don girki suke sayen mujalla, kuma girkin da bai yi daɗi ba babu hoton da zai cece shi. Akwai gaskiya a nan, shi ya sa BBC Good Food, da ta fara fitowa a 1989, ta daɗe tana tallata cewa sau uku ake gwada kowane girkinta kafin a buga. Sai dai hanyar gasa kaza ba ta bambanta sosai daga wannan mujalla zuwa waccan ba, kuma yau tana nan kyauta a intanet. Da girkin kaɗai ake saye, da mujalla ɗaya ta wadatar da kowa. Abin da ya sa wannan mai karatu ta ɗauki Gourmet waccan ta ɗauki Taste of Home shi ne kowace ta ga kanta, ko wadda take fatan zama, a cikin shafukan. Hatta alkawarin gwaji sau ukun tambari ne, an rubuta shi ne don a gani.

Hujja ta biyu da wani zai kawo ta fi ƙarfi: editoci ba bayin masu talla ba ne. A watan Agustan 2004, lokacin da Ruth Reichl ke jagorantar Gourmet, mujallar ta buga doguwar maƙalar David Foster Wallace wadda ke tambayar ko daidai ne a jefa lobsta, wata halittar teku mai kama da ƙaton jatan lande, cikin tafasasshen ruwa da ranta. Babu mai talla da zai nemi a ɗaga wa masu cin abinci hankali haka, kuma dole a yaba wa editar. Duk da haka, irin wannan rubutu ya dace da mai karatun da Gourmet ke son ta ce tana da shi, wato mai ilimi da ke son a motsa masa tunani. Edita na da 'yanci, amma tsawon igiyarsa a hannun mai kuɗi yake, kuma shekara biyar bayan nan aka ga iyakarta. Haka nan Lucky Peach, wadda David Chang da Peter Meehan da Chris Ying suka fara a 2011, ta taka duk ƙa'idojin bango: fitowarta ta farko a kan taliyar Japan ta ramen ce, da ɗanyar kaza a bango da zane-zanen barkwanci. Ga matasa masu aikin kicin da suka gaji da hotuna masu sheƙi, wannan rashin kunyar shi ne kiran sallarsu. Ita ma ta rufe a 2017, abin da ke nuna cewa soyayyar masu karatu ba ta biyan kuɗin maɗaba'a sai da lissafi.

Lissafin kuwa ba ya zama wuri ɗaya, kuma idan ya sauya, fuskar mujalla sai ta bi shi. Taste of Home, wadda ta yi suna da rashin talla, ta fara karɓarsa a 2007, shekara biyar bayan ta shiga hannun sabon mai gida. Saveur, da aka kafa a 1994, ta daina fitowa a takarda a 2021, sannan ta dawo a 2024 bayan editarta Kat Craddock ta saye ta, amma yanzu sau biyu kawai take fitowa a shekara.