Na'urar da ke sarrafa iska ta ba da lantarki: ruwa ne babbar matsalarta

Akwai wata na'ura mai kama da batiri, amma ba a yi mata caji. Ana ba ta iskar hidirojin ta gefe ɗaya, iskar oksijin ta ɗaya gefen, sai ta ba da wutar lantarki, ba hayaƙi, ba ƙara, abin da ke fita ruwa ne kawai. Irinta ce ta bai wa kumbon Apollo na Amurka wuta a tafiyar zuwa wata a 1969, har ƴan sama jannati suka sha ruwan nata.

Wadda ke cikin motoci irin Toyota Mirai tana buƙatar ƙarfen filatinom mai tsadar gaske, wanda mafi yawansa daga Afirka ta Kudu yake fitowa. Shi ya sa masana suka koma ga wani samfuri mai siririyar fata a tsakiya, mai ɗabi'ar kanwa maimakon tsami. A cikinsa, ƙarafa masu sauƙin kuɗi kamar azurfa da nikel na iya yin aikin.

To, ina gizo ke saƙar? A gefen hidirojin, ƙwayoyin ruwa 4 ke samuwa, a daidai lokacin da gefen oksijin ke shanye 2. Kenan gefe ɗaya ruwa ya cika shi ya toshe hanyar iska, ɗayan kuma ya bushe, fatar ta fara lalacewa. Mai noman albasa ya san wannan: ruwa ya yi yawa saiwa ta ruɓe, ya yi kaɗan ganye ya ƙone.

Dabarun da ake bi su ne: a rage kaurin fatar don ruwa ya riƙa komawa gefen da ya bushe, a sa Teflon, abin nan da ke hana abinci kama tukunya, a gefen da ke cika don ya kore ruwa, sannan a daidaita laimar iskar da ke shiga. Da haka ƙarfin wutar ya ƙaru sosai a ɗakunan gwaji.

Saura aiki biyu: iskar kabon da ke cikin iskar da muke shaƙa tana rage mata ƙarfi, kuma ana son ta daɗe shekaru tana aiki. In an shawo kansu, wutar rana za ta iya raba ruwa a samu hidirojin, a ajiye, a kunna fitila da dare.