Alƙalin Ƙauye Da Ya Hana Mahaifiyarsa Diyyar Gona

Jama'a, labarinmu na wannan wata daga Amurka ya fito. Labarin wani manomi ne mai suna Harry Truman, wanda ya je yaƙi, ya dawo ya zama alƙali a karkara.

An haife shi a shekarar 1884 a jihar Missouri. Mahaifinsa manomi ne, yana kuma fataucin alfadarai. Tun yana yaro idonsa ba ya gani sosai sai da tabarau. Daga 1906 ya zauna a gonar gidansu, kusa da wani ƙaramin gari da ake kira Grandview. Gonar ta kai eka 600. Shekara 11 ya yi yana huɗa da garmar dawaki, yana shuka masara da alkama. A 1914 mahaifinsa ya rasu, nauyin gida ya dawo kansa.

A 1917 Amurka ta shiga Yaƙin Duniya na Ɗaya. Truman ya bar gonar a hannun ƙanwarsa Mary Jane, ya sa kaki. A 1918 aka kai shi Faransa da muƙamin kyaftin. Aka ba shi sojojin igwa kusan 200, waɗanda suka yi suna wajen taurin kai. Ya iya da su. Har aka gama yaƙin, babu ko ɗaya da abokan gaba suka kashe a ƙarƙashinsa.

Da ya dawo a 1919, ya auri Bess Wallace. Tun 1911 ya nemi aurenta, ta ƙi, amma bai haƙura ba. Bayan biki suka tare a gidan surukarsa. A wajenmu wannan abin gori ne, shi kuwa haka ya zauna. Ya buɗe kantin sayar da kayan sawa na maza tare da wani abokinsa na soja. A 1922 kantin ya karye, ya bar shi da bashin da ya fi shekara 10 yana biya. 'Yarsu ɗaya tilo, Margaret, an haife ta a 1924.

To, yaya aka yi ya zama alƙali? A nan sai mun yi bayani. A jihar Missouri ta wancan lokaci, kowace gunduma tana da mutum uku da ake kira alƙalai. Ba shari'ar aure ko gado suke yi ba. Jama'a ke zaɓensu. Su ne ke riƙe da baitulmalin gunduma, su gyara hanyoyi da gadoji, su ba da kwangila. Aikinsu ya fi kama da na shugaban ƙaramar hukuma.

A 1922 aka zaɓi Truman alƙalin gabashin gundumar Jackson, wato ɓangaren ƙauyuka. Tsofaffin sojojinsa sun taya shi neman ƙuri'a. Wani uban gidan siyasa mai suna Tom Pendergast ma ya tsaya masa. A 1924 ya faɗi zaɓe. A 1926 ya dawo a matsayin babban alƙali, ya yi shekara 8 a kujerar.

Abin da ya fi damun manoman gundumar shi ne hanya. Da an yi ruwa sai taɓo, amfanin gona ba ya isa kasuwa. A 1928 Truman ya shawo kan jama'a suka yarda gunduma ta ci bashin dala miliyan 6 da rabi don gina hanyoyi. Ya yi alkawarin duk ɗan kwangilar da ya faɗi farashi mafi sauƙi, shi zai samu aiki. 'Yan kwangilar da suka saba ci suka kai ƙararsa wajen Pendergast. Truman ya ƙi sauya magana. An shimfiɗa hanyoyin kankare fiye da mil 200.

Ɗaya daga cikin hanyoyin ta ratsa gonar mahaifiyarsa, Martha, ta cinye eka 11. Sauran masu gonaki an biya su diyya. Ita kuwa ɗanta ya hana a ba ta ko sisin kwabo, don kada a ce alƙali ya karkato da kuɗin jama'a gidansu. Alhali a lokacin gonar tana jingine, bashi ya yi mata katutu. Ni dai ina ganin ya tsananta, domin diyyar haƙƙinta ce kamar kowa.

Kada kuma a ɗauka ba shi da tabo. Shi da kansa ya rubuta a ɓoye cewa ya kau da kai wasu mutanen uban gidansa suka saci kaɗan, don ya tsare mai yawan. Pendergast ɗin ma an ɗaure shi a 1939 saboda ƙin biyan haraji.

A 1934 aka zaɓi Truman ɗan majalisar dattawa. Duk da haka bai tara abin da zai fanshi gonar ba. A 1940 aka yi gwanjonta saboda bashi. Tsohuwar, tana da shekara 87, ta kwashe kayanta ita da Mary Jane suka koma wani ɗan ƙaramin gida a cikin Grandview. A 1945 ɗanta ya zama shugaban Amurka. Ita kuma a garin nan ta ci gaba da zama, har ta rasu a 1947.