Ƙwaron Da Ba Ya Cizo, Amma Yana Ƙona Fata

Wajen ƙarshen damina, sa'ad da masara ta bushe a gonakin Doguwa, shinkafa kuma ta nuna a fadamun Tudun Wada, akwai wani abin da yakan ta da hankalin iyaye mata. Uwa za ta ta da ɗanta da safe, sai ta ga wani jan layi a wuyansa ko a kumatunsa, sai ka ce an ja masa ƙarfe mai zafi. Kafin azahar wurin ya yi ƙananan bororo, yaro yana ta kuka don raɗaɗi. Nan da nan sai a shiga zargi. Wani ya ce gizo-gizo ne ya yi masa fitsari. Wata ta ce yayarsa ce ta ƙona shi da garwashi ta ɓoye. Har a sami mai cewa hannun maƙwabta ne. To, ga yaro da ciwo, ga gida da husuma, mai laifin kuwa ɗan ƙwaro ne wanda tsawonsa bai wuce ƙwayar shinkafa da kaɗan ba. Rashin sani ya fi dare duhu. Bari mu duba ƙwaron nan da kyau, gama wanda ya san kamanninsa ya tsere wa ƙunarsa.

Kamanninsa

Siriri ne, tsawonsa wajen milimita 7 zuwa 10, watau kamar santimita ɗaya. In ka gan shi yana gudu a bango sai ka ɗauka babbar tururuwa ce. Amma ka matso da fitila ka duba launinsa daga kai zuwa wutsiya. Kansa baƙi ne. Ƙirjinsa ja ne kamar manja. Bayan ƙirjin akwai wani ɗan wuri mai duhu yana ƙyalli, shuɗi-shuɗi ko kore-kore. Sa'an nan cikinsa ja ne kuma, ƙarshen wutsiyar baƙi. Watau baƙi, ja, baƙi, ja, baƙi. Saboda wannan ado ne mutanen kudancin Nijeriya suke yi masa laƙabi da “siket da riga”. A Kenya suna ce da shi ƙudan Nairobi, ko da yake ba ƙuda ba ne. A wannan shafi za mu kira shi ja-da-baƙi.

Yana da ƙafa 6 kamar sauran ƙwari, da 'yan ƙahonni biyu a goshi, kowane da gaɓa 11, da su yake shinshina hanya. Ɗan wurin nan mai ƙyalli shi ne babbar shaidar danginsa. Murfin fiffike ne. Ka lura da buzuzu, murfinsa mai tauri ya rufe bayansa duka. Na ja-da-baƙi kuwa gajere ne, kamar babban mutum ya sa 'yar shara ta yaro, ciki duk a waje. A ƙarƙashin ɗan murfin nan yake naɗe dogayen fikafikansa ninki bisa ninki. In zai tashi ya warware su, in ya sauka ya sa wutsiya ya tura su ciki. Da yake cikinsa a buɗe yake, yana iya lanƙwasa shi yadda ya ga dama. In an tsorata shi sai ya ɗaga wutsiya sama kamar kunama, amma burga ce kawai, ba shi da ƙari.

Danginsa

Masana sun shirya halittu gida-gida, kamar yadda mu ma muke da ƙabila, da zuriya, da gida. Wani mutumin Suwidin mai suna Linnaeus ne ya kafa wannan tsari na sunayen dabbobi a littafinsa na 1758, inda kowace halitta take da suna biyu na Latin: sunan gida da sunan kanta.

A cikin ƙwari akwai babbar ƙabila ta masu murfin fiffike mai tauri, ana kiranta Coleoptera. Buzuzu yana ciki, da ƙwaron da yake huda wake a rumbu. An san irinsu wajen 400,000. A cikin ƙabilar nan akwai zuriyar masu gajeren murfi, wadda wani Bafaranshe, Latreille, ya raɗa wa suna Staphylinidae a 1802. An rubuta irinsu fiye da 60,000, don haka tana cikin zuriya mafi girma a dukan dabbobin duniya. Yawancinsu baƙaƙe ne ko ruwan ƙasa, suna zaune cikin ruɓaɓɓen ganye, da taki, da ƙarƙashin duwatsu, ba su cutar kowa. Waɗansu da suke zaune a ƙwanƙolin manyan duwatsu masu sanyi, irin su Kilimanjaro, fikafikansu sun ƙanƙance har ba su iya tashi.

Gidan ja-da-baƙi shi ne Paederus, sunan da Fabricius, almajirin Linnaeus, ya ba shi a 1775. Gidan yana da iri fiye da 600. Wanda ya fi damun mutane a Afirka ta Yamma shi ne Paederus sabaeus, wanda Erichson, wani Bajamushe, ya rubuta kamanninsa a 1840.

Amma kama da wane ba ta wane. Manoma sun san hangara, wadda take cin furen gero, ita ma takan sa bororo a fata. Ita ta fi girma ƙwarai, murfinta kuma dogo ne, zuriyarta dabam, dafinta dabam. Akwai kuma wani siririn ƙwaro mai almakashi a wutsiya, wanda akan samu a cikin goyon masara. Shi ba dangin ja-da-baƙi ba ne sam, ba ya ƙuna. Tururuwa kuwa tana da siririn ƙugu, ba ta da murfi a baya.

Inda yake zama

Ja-da-baƙi yana son laima. A cikin damshin ƙasa macen take saka ƙwai ɗaya-ɗaya, a nan tsutsar take girma har ta zama ƙwaro. Saboda haka akan same shi a bakin rafi, da fadama, da gonar shinkafa, da ta rake. Kudancin Jihar Kano kuwa ƙasa ce mai irin wannan laima. Duwatsun Riruwai, inda aka daɗe ana haƙar kuza, sun fi sauran jihar tudu, ruwan sama kuma ya fi na Birnin Kano yawa. Ga dajin Falgore a kan hanyar Jos, ga Kogin Kano da yake gangarowa zuwa madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji, wadda aka gama a 1974, ta kawo noman rani. Duk inda ruwa ya daɗe a ƙasa, ƙwaron yakan yi yawa. A Kenya, bayan ruwan sama mai yawa na 1997 zuwa 1998, ya addabi mutanen Nairobi ƙwarai. A 1990 ma likitoci sun buga rahoton yadda ciwonsa ya ɓarke a kudancin Nijeriya.

Me yake kawo shi ɗaki? Haske. Da rana yana farauta a gona, da dare kuwa sai ya tashi ya nufi fitila, musamman farin haske mai ƙarfi. A zamanin aci-balbal da fitilar ƙwai bai cika damun mutane haka ba. Yanzu kuwa ga lantarki, ga fitilar sola, ga hasken waya a kan gado. Lokacin girbi, sa'ad da aka yanke shinkafa aka ƙone tushiya, yakan rasa mafaka ya kwararo cikin gari.

Dafinsa

Ga abin da ya kamata kowa ya riƙe: ƙwaron nan ba ya cizo, ba ya harbi. Dafin yana cikin ruwan jikinsa. In ya bi ta fatarka ya wuce lafiya, yawanci ba abin da zai same ka. Amma in ka ji abu yana tafiya a wuyanka cikin barci ka kai masa mari ka murje, ka shafa wa kanka dafin ke nan. Shi ya sa ciwon yakan fito a layi, sawun hannunka ne. Ba ya nuna nan take, sai bayan yini ɗaya ko biyu, lokacin an manta da ƙwaron. In wurin a lanƙwasar gwiwar hannu ne, sai fatar da take fuskantarsa ita ma ta kama. In an murje ido da hannun da ya taɓa dafin, ido yakan kumbura ya yi ja zur.

A 1953 masana biyu a Italiya, Pavan da Bo, suka tace dafin, ana kiransa pederin. Daga baya aka gane ba ƙwaron ne da kansa yake yin sa ba, waɗansu ƙananan ƙwayoyin halitta ne da suke zaune a jikin macen, ita kuma ta zuba shi cikin ƙwanta. Amfaninsa shi ne ya tsare 'ya'yanta daga wani irin gizo-gizo mai farauta a ƙasa. Ashe gizo-gizon da muke ɗora wa laifi, shi aka yi dafin dominsa.

Abin da za a yi

In ya sauka a jikinka, kada ka mare shi. Ka hure shi, ko ka sa takarda ya hau ka kai shi waje. In an riga an murje shi, a wanke wurin da hannuwa nan da nan da sabulu da ruwa mai yawa, kada a taɓa ido. A wanke rigar da zanen gadon kuma. In bororo ya fito, a riƙa ɗora tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi. Kada a fasa shi, kada a sa toka, ko kananzir, ko man goge baki, gama su sukan mai da ƙaramin ciwo gyambo. In a ido ne, ko wurin ya yi faɗi, ko ya fara ruwa da mugunya, ko yaro ya yi zazzaɓi, a tafi asibiti ba da jinkiri ba. Akwai waɗansu cututtukan fata masu kama da wannan, likita ne zai rarrabe. Ciwon ba ya yaɗuwa daga mutum zuwa mutum. Yakan warke cikin mako biyu ko uku, tabon kuwa yakan ɗauki watanni kafin ya baje.

Da dare a kwana cikin gidan sauro. A rataye fitila nesa da gado, a kashe ta kafin barci. A kakkaɓe shimfiɗa da tufafi. A kwashe ruɓaɓɓen ciyayi daga gindin ɗaki. Malaman makarantun kwana su ma su koya wa yara kamanninsa, gama ɗakunan da fitila take kwana a kunne su ya fi shiga.

Amma kada mu ce za mu hallaka shi da feshi a gona. A can abokin manomi ne, yana cin darɓa da ƙananan ƙwarin da suke tsotse shinkafa, ba a biyansa ko kwabo. Wurinsa gona, ba ɗaki ba. Yau da dare, in ɗaya ya zo gindin fitila, ku rufe shi da kofin gilashi, ku kira yara su ƙidaya launinsa: baƙi, ja, baƙi, ja, baƙi. Yaron da ya gan shi sau ɗaya da idonsa ba zai ƙara kai masa mari ba.